Yadda Ake Awon Suga da Karanta Lambar da Ta Fito

Lambar awon suga ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san lokacin da aka ɗauki jinin da kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi. Wanda ya ga 150 awa ɗaya bayan ya tashi daga kan tuwo bai ga abin tashin hankali ba. Wanda ya ga 150 da sassafe kafin ya sa komai a bakinsa kuwa, ganin likita ya kama shi.

Fara da duba ma'auni. Yawancin na'urorin hannu da ake sayarwa a kemis suna nuna mg/dL, wato lambobi irin 95 ko 140. Ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya suna rubuta mmol/L, lambobi ƙanana irin 5.3 ko 7.8. A Nijar kuma za ka ga g/L. Duk abu ɗaya ne: 126 mg/dL shi ne 7.0 mmol/L, shi ne 1.26 g/L. Daga mg/dL zuwa mmol/L sai ka raba da 18, in za ka dawo ka ninka da 18. Mutum yakan ga 11 a takardarsa ya yi hamdala wai sugansa ya yi ƙasa, alhali 11 ɗin nan kusan 200 ce. Lambobin da za su biyo baya duk a mg/dL suke.

Awon safe shi ne ginshiƙi, kuma wurin shirya masa ake ɓata shi. Ana so ka yi aƙalla awa 8 ba ka ci komai ba. Ka ci abincin dare yadda ka saba, ka gama kafin ƙarfe 10, a ɗauki jinin tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe. Ruwa zalla ka sha abinka, ƙishirwa ma ba ta taimaka wa awon. Amma shayi ko da babu suga, koko, kunu, dabino ɗaya, goro, sigari, duk a ajiye sai an gama. Goro ne ya fi kayar da dattawa, don ba sa lissafa shi cikin abinci. Akwai kuma masu wayo, waɗanda ke kwana uku suna cin ganye kafin ranar awo don lambar ta yi kyau. Kanka ka ruɗa, ba likita ba. Haka ma awon la'asar a cikin azumin Ramadan ba ya maye gurbin na safe. Idan kana zazzaɓi, ko kana shan dexamethasone ko prednisolone, waɗanda mata da yawa ke sha don ƙiba ba tare da sanin sunansu ba, ka faɗa wa mai awon, domin suna ɗaga suga.

In da na'urar hannu za ka auna, wanke hannu da sabulu, ka bar shi ya bushe sarai. Wannan ba maganar tsafta kaɗai ba ce. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko rake ko dabino zai ba ka lambar da ba ta jininka ba. Na fi son sabulu a kan sifirit. In sifirit ɗin ka goga, jira ya bushe kafin ka soka. Soki gefen kan yatsa, ba tsakiyarsa ba, ya fi saukin zafi. Kada ka matse yatsan da ƙarfi don jini ya fito, ruwan nama zai gauraya da shi. In jinin ya ƙi fitowa, saki hannun ƙasa ka murza shi daga tafi zuwa yatsa. Allura ɗaya, mutum ɗaya, ko da 'yan gida ɗaya ne.

Sai sitirif, 'yar takardar da ke shan jinin. Ita ce mai cin kuɗi, shi ya sa kafin ka sayi na'ura ka tambayi farashin sitirif ɗinta da kuma ko ana samunsa a garinku. Na'ura mai araha da babu sitirif ɗinta a kasuwa kayan ado ce. Duba ranar lalacewarsa. Rufe kwalbar da zarar ka zaro ɗaya, kuma kada ka bar ta a mota ko bakin taga, zafin Afrilu yana lalata shi ba tare da ka ga alama ba. Ko komai ya yi daidai, na'urar hannu mai kyau tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin ɗari. Don haka in ka auna sau biyu a jere ka ga 118 da 127, ba lalacewa ta yi ba, kuma ba da ita ake yanke hukuncin cewa mutum yana da ciwon suga ba. Wannan aikin jinin jijiya ne a ɗakin gwaji.

Ga karatun awon safe: ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 an tsaya a bakin ƙofa, ciwon bai kama ba amma yana hanya, kodayake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara lissafa wannan matakin. Daga 126 zuwa sama ciwon suga ne, amma sai an maimaita a wata rana an sake samun haka. Awon da aka yi kowane lokaci, in ya kai 200 kuma akwai yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ya isa hujja. Akwai kuma wanda ake ba ka ruwan gulukos giram 75 ka sha a sake auna ka bayan awa 2: ƙasa da 140 daidai, 140 zuwa 199 bakin ƙofa, 200 ciwo.

Akwai wani gwajin jini mai suna HbA1c, shi ba ya buƙatar zama da yunwa, yana nuna yadda suganka ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Shi a kashi cikin ɗari ake karanta shi, ba a mg/dL ba: ƙasa da 5.7 daidai, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi, 6.5 ciwo. Ya fi tsada, kuma yana iya yin ƙarya ga mai sikila, mai ƙarancin jini, mai ciki, da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan. Irin waɗannan su tsaya ga awon safe.

Kada ka jira sai ƙiyashi ya bi fitsarinka. Suga ba ya zubowa cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a jini, kuma ana iya shekaru da ciwon babu alama. Wanda ya kai 35 ya je a auna shi. Mai teɓa, mai hawan jini, wanda uwa ko uba ko ɗan'uwa ke da ciwon, da matar da ta taɓa haihuwar jariri sama da kilo 4, kada su jira shekarun. Mai ciki ana auna ta tsakanin mako 24 da 28, kuma iyakokinta daban ne. In sakamako ya yi kyau a maimaita bayan shekara 3, in bakin ƙofa ne duk shekara. A ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, akan samu awo kyauta a wurare da dama, sai dai ka je ba ka karya ba.

Wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon, abin da akan nema shi ne 80 zuwa 130 kafin abinci, ƙasa da 180 awa 2 bayan fara ci, sai in likitansa ya ba shi wata iyaka. Rubuta kowace lamba da lokacinta da abin da aka ci. Ƙasa da 70, musamman da gumi da rawar jiki, a sha babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti za a nufa. Haka in na'ura ta rubuta HI, wato sugan ya wuce abin da take iya aunawa, ko ta haura 300 tare da amai ko magagi.