Yadda na gyara ruwan kofa salfet da ya ƙi yin kauri

Ranar Talata a ɗakin gwaji nan Samaru aka ce in haɗa ruwan kofa salfet (CuSO₄) mai ƙarfin mol 0.1 a kowace lita, mililita 250. Mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Lissafi ya ba ni mol 0.025, na ninka da 159.6, wato nauyin mol ɗaya na CuSO₄ a giram, na auna giram 4 na zuba. Da na ajiye kwalbata kusa da ta abokina, sai na ga tawa ta koɗe, shuɗin kamar an wanke shi.

Malamin ɗakin ya ɗaga gwangwanin da na ɗebo sinadarin daga ciki ya juyo min takardarsa. "Kai yaro, karanta mana." CuSO₄·5H₂O. Ashe ƙwayoyin nan masu shuɗi ɗauke suke da ruwa, mol biyar a kowane mol ɗaya, wato ƙarin giram 90. Nauyin mol ɗinsu 249.7 ne. 159.6 ɗin da na haddace na farin garin ne, wanda aka gasa ruwansa ya fita.

Giram 4 ɗina mol 0.016 ne kacal, ƙarfin ya tsaya 0.064. Na so in ƙara gari a kai, Malam ya ce a'a, ruwan zai haura layin kwalbar da ke nuna mililita 250. Na zubar a mazubin shara na sinadarai, na auna giram 6.24, na narkar a ruwa kaɗan, sannan na cika zuwa layi.