Yadda ake haɗa maɓallan ƙofar naɗi mai inji a sito

Yawancin yaran da ke kirana idan ƙofar sito ta ƙi aiki, ba inji ne matsalarsu ba. Ƙaramin akwatin nan mai maɓalli uku, na sama da na ƙasa da jan nan na tsayarwa, shi suke rainawa, su ɗauka makunnin fitila ne. Maɓallin ba ya ɗaukar wutar inji ko kaɗan. Injin yana cin wuta mai layi uku, bolt 415, ta cikin kwantakta biyu, wato manyan makunnai da wuta ke ja su haɗa layi, ɗaya ta ɗagawa ɗaya ta saukewa. Aikin maɓalli kawai ya tura 'yar wuta zuwa bakunan da aka rubuta wa A1 da A2 a jikin kwantaktar, ta ja. Ni bolt 24 nake sa wa wannan ɓangaren, ba na yarda da 240 a hannun lebura mai jiƙaƙƙen hannu. Kuɗin ƙaramin taransifoma bai kai a yi musu a kansa ba.

Ka kashe breka ka sa mata kwaɗo, makulli a aljihunka. Sai ka fara da jan maɓalli. Wanda aka rubuta wa NC za ka ɗauka, wato wanda wuta ke ratsa shi kullum, sai an danna take yankewa. Duk wutar maɓallan ta cikinsa za ta fara bi. Dalili kuwa, ranar da ɓera ya ci wayar, ƙofa tsayawa za ta yi. Idan ka sa NO a nan, wato wanda wuta ba ta ratsa shi sai an danna, waya za ta tsinke ba wanda ya sani, sai ranar da aka danna ƙofa ta ƙi ji.

Na sama da na ƙasa NO ne. Ka haɗa bakuna 13 da 14 na kwantaktar ɗagawa, waɗanda ke haɗuwa idan ta ja, gefe da gefe da maɓallin sama, don ta riƙe kanta bayan an ɗauke yatsa. Na ƙasa kuwa ban cika ba shi riƙo ba. Mai saukewa ya tsaya da yatsa a kai, idonsa a kan ƙofa, in ya saki ta tsaya. Direbobi za su yi ƙorafi, ka bar su. Sannan wutar kowace kwantakta ta ratsa bakuna 21 da 22 na 'yar'uwarta, waɗanda ke rabuwa idan 'yar'uwar ta ja, don kada su ja tare. In suka ja tare layi biyu ne suka haɗu, ƙarar kaɗai ta ishe ka darasi.

Yanzu ga inda na taɓa shan kashi, kuma a nan nake so ka natsu. A jikin injin akwai makunnan iyaka biyu: ɗaya yana yanke kwantaktar ɗagawa idan ƙofa ta kai sama, ɗaya yana yanke ta saukewa idan ta taɓa ƙasa. Su ba su san inda ƙofa ta dosa ba, kwantakta kawai suka sani. Injin mai layi uku kuwa, da an sauya wayoyi biyu sai ya juya da baya. To ka danna sama, ƙofa ta yi ƙasa, ta kai ƙarshe, makunnin ƙasa ya yanke kwantaktar da ba ita ke aiki ba, inji ya ci gaba da turawa.

Saboda haka kada ka gwada da ƙofa a rufe ko a buɗe. Ka ja sarƙa ka kawo ta tsakiya, ka ɗan taɓa maɓallin sama, ɗaya hannun a kan ja. Idan ta yi ƙasa, ka kashe wuta ka sauya biyu daga wayoyin inji uku. Wayoyin inji, ba na maɓalli ba. Yaro mai sauri zai sauya na maɓalli, ya ga sama ta koma sama, ya ce ya gama, alhali makunnan iyaka na nan a juye.

Ni duk na yi wannan daidai a wani sito a Sharaɗa, na karɓi kuɗina. Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta aka tada janareto, wanda jerin layukansa ya saɓa da na NEPA. Mai gadi ya danna ƙasa, ƙofa ta naɗe sama har ta fice daga hanyarta ta lanƙwashe. Tun ranar ba na barin wuri sai na gwada da wutar biyu. In janareto ne ya saɓa, a akwatin canjin wuta ake gyarawa, kada ka taɓa inji. Kuma ka sa rile mai lura da jerin layi, wanda ke hana kwantakta ja idan an juya. Mai sito zai ce tsada, ka tambaye shi nawa ne sabuwar ƙofa.

Saura ba wuya. Ka saita iyakar sama ta tsaya da ɗan rata, ta ƙasa ta taɓa siminti ba tare da ƙarfe ya tattaru ba. In sun nace sai maɓallin ƙasa ya riƙe kansa, dole a sa idon lantarki a bakin ƙofa, a riƙa goge shi da hunturu don ƙura na makantar da shi. Ka duba makunnin sarƙa yana yanke wuta idan an ja da hannu, sannan ka kafa akwatin maɓallan inda mai dannawa ke ganin ƙofar gaba ɗaya, ba bayan buhunan kaya ba.