Yadda Ake Neman Gyara a Ƙungiyar Ƙwadago Ba Tare da Ta Rabu Ba

Duk mamban da ke ganin shugabannin ƙungiyarsa sun yi nisa da ma'aikata, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya karanta kundin tsarin mulkin ƙungiyar, musamman sassan da suka shafi zaɓe, wa'adin shugabanni da binciken kuɗi, domin ƙorafin da bai dogara da wani sashe ba akan yi watsi da shi a zauren taro. Daga nan sai ya nemi rahoton kuɗin shekara, ya duba nawa aka kashe wajen jawo sababbin mambobi, nawa kuma ya tafi ga siyasa. Wannan tambaya tana da nauyi, domin tana cikin dalilan da suka sa ƙungiyoyin SEIU (ta ma'aikatan hidima) da Teamsters (ta direbobin manyan motoci da wasu ma'aikata) suka fice daga AFL-CIO, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Amurka, a 2005.

Kada a je babban taro da zargi kawai. A rubuta ƙuduri ɗaya bayyananne, misali a riƙa zaɓen shugabanni da ƙuri'ar kowane mamba maimakon ta wakilai, a tattara sa hannun rassa, a miƙa shi kafin wa'adi ya cika. Mambobin Teamsters sun fara irin wannan zaɓe a 1991.

A ganina, duk zafin saɓani, bai kamata a fito da shi fili ana tsakiyar tattaunawar albashi ba. A ajiye muhawarar sai an sa hannu a yarjejeniya, sannan a nemi a sanya ta cikin ajandar taro na gaba.