Motar lantarki da fitilar birki: kurakuran da sababbin direbobi suka fi yi

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya sayi motar lantarki ya ce in zagaya da shi, shi ya sa na rubuta ta kowa ya karanta da kansa.

A motar fetur abin a fili yake. Akwai ɗan makunni a jikin fedar birki, ka taka danjar baya ta kama, ka saki ta mutu. A motar lantarki kuwa, da zarar ka sassauta totur sai injin da ke juya tayoyi ya koma janareto, ya riƙa riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir. Gudu na raguwa, ƙafarka ba ta kusanci birki ba. Kwamfutar motar ce ke yanke hukuncin ko danja za ta kama, kuma kowane kamfani da irin nasa lissafin.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya ɗauka duk lokacin da ya ji motar ta riƙe, na bayansa ya ga ja. Ba haka ba ne. Ƙa'idar birki ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 13-H, wadda Turai da Japan ke bi, ta wajabta kunna fitilar ne idan raguwar gudu ta wuce mita 1.3 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wato kusan kilomita 5 a awa na zubewa duk daƙiƙa ɗaya. Ƙasa da haka babu dole. Ka yi lissafi da kanka: motar da ke gudun 60 za ta iya saukowa har dab da tsayawa cikin daƙiƙa 15 ba tare da wannan ƙa'ida ta tilasta mata nuna ja ba. A Amurka kuma doka ta ɗaure fitilar ne da birkin ƙafa, ba ta tilasta kunna ta a wannan riƙewar ta inji ba, kuma tokumbo da yawa daga can ake kawo mana su.

A 2023 mujallar Consumer Reports ta gwada Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 da Genesis GV60, ta ga cewa a tsarin tuƙi da feda ɗaya da suke kira i-Pedal, motar na iya riƙewa da ƙarfi danja ba ta kama ba muddin ƙafar direba na ɗan taɓa totur. Daga baya aka gyara manhajar. Idan ka sayi ɗaya daga cikinsu na hannu, ka bincika ko an yi mata wannan gyaran.

Tawa motar ba ta cikin waɗannan, kuma lafiyarta ƙalau, amma duk da haka abin ya ci mini kuɗi. Ƙanena ya ara. Ya doshi shataletale yana sassauta totur a hankali, yana jin daɗin yadda motar ke lallaɓawa ita kaɗai, mai adaidaita sahu na manne da shi a baya. Sai ƙara. Mutumin ya sauko yana rantsuwa: "Malam, wallahi danjarka ba ta kama ba!" Ƙanena na cewa ai ya rage gudu tun daga nesa. Dukansu gaskiya suka faɗa. Bamba ya tsage, ƙananan na'urorin da ke cikinsa masu auna tazara suka mutu, aka zagaye kasuwar kayan gyara babu, sai da aka yi oda daga waje. Har kayan suka iso motar na ƙara duk lokacin da na sa ribas, ko babu komai a bayana.

Tun daga nan na tsayar wa kaina doka, kuma ita nake ɗora wa duk wanda zai riƙe mini sitiyari. Kafin ka sassauta, dubi madubi. In akwai wani kusa, musamman babur ko adaidaita ko tirela, ka taɓa birkin ƙafa ko da kaɗan ne, ja ya bayyana. A cikin cunkoso nakan rage ƙarfin riƙewar zuwa mataki na ƙasa in yi tuƙi irin na da. Wasu za su ce na tsaurara. To, su suka sani.

Sai masu cewa taka birki asarar caji ce. Haba jama'a! A motoci da yawa, ko birkin ƙafa ka taka a hankali injin ne ke fara riƙewa yana cika batir, sai ka matsa sosai sannan birkin tayoyi ya shigo. Ko da asarar ce ma, cajin nawa ne? Don tattalin abin da bai kai kilomita guda ba ka ba da bayan motarka?

Akwai kuma kishiyar wannan. Mutum ya sa riƙewa mafi ƙarfi a babban titi, ƙafarsa ba ta zama wuri guda, ya taka ya saki ya taka ya saki. Danja sai ƙiftawa take yi. Na baya ya taka birki sau biyu a banza, na uku sai ya daina yarda da kai, kuma ranar da za ka tsaya da gaske ita ce matsalar. A doguwar tafiya ka rage ƙarfin, ka koya wa ƙafarka natsuwa.

Idan motar ta tsaya cak da kanta a mahaɗa, kada ka ɗauka ja na nan a kunne. Wancan gwajin na 2023 ya samu wasu motocin lantarki na Mercedes da fitilar ke mutuwa bayan tsayawa. Ɗora ƙafa a birki har a ba ka hannu, ballantana da dare.

Ranar da ka cika batir ɗari bisa ɗari, wuta ba ta da wurin shiga, don haka riƙewar na raguwa ko ta ɓace a farkon tafiya. Ka saki totur motar ta ci gaba abinta, danja ma ba ta da dalilin kamawa. Ƙafa kusa da birki.

Kada ka kai wa mai wayarin na bakin titi ya yanke waya don "gyara" fitilar da ke kamawa ba a taka birki ba. Aikinta take yi.

Kuma kada ka dogara da abin da wani ya faɗa a kan tasa motar, har da ni. Ka sami titi marar mutane, wani ya biyo ka da tazara yana kan waya da kai, ka gwada kowane mataki: sakin totur gaba ɗaya, sakin rabi, da tsayawa cak. Masu Tesla sun huta, hoton motar da ke allo yana nuna fitilar idan ta kama. In an sabunta manhajar motar, ka sake gwajin.