Idan mutum ya ɓata a daji: yadda za a yi aiki da waya da oba-oba wajen nemansa

Da zarar an ce wane bai dawo daga kiwo ba, ko masunci ya shiga fadamar Baturiya tun safe har magariba shiru, kowa sai ya hau danna masa kira. Inna ta kira, kawu ya kira, abokai su yi ta filashin, kafin isha'i wayar da ake sa ran za ta kai mu inda yake ta mutu murus. Don Allah a daina. Mutum ɗaya tak za a ware, ya zauna ƙofar gidan mai unguwa da littafi da biro da fawa bank, shi kaɗai zai dinga kiran wanda ya ɓata, kuma duk labarin da aka samu wajensa za a kawo.

Ya fara da tes tukuna, domin saƙo yana iya kutsawa da sandar sabis ɗaya inda kira ba ya shiga. Gajere: "Malam, tsaya inda kake, kar ka ƙara tafiya. Rage hasken waya. Kashe ta, ka kunna duk awa ɗaya." Wayar da ke ta laluben sabis a daji tana shan caji sosai, shi ya sa kashewar ke da amfani.

In babbar waya ce kuma akwai ɗan data, wanda ya ɓata ya turo lokeshan ta WhatsApp. Akwai irin lokeshan ɗin da ke bin mutum yana tafiya, na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, amma ni ban cika son sa ba a irin wannan hali don yana cinye batir, tunda an ce ya tsaya wuri ɗaya ya turo na inda yake kawai ya wadatar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, GPS, wato abin da ke nuna wa waya inda take, daga tauraron ɗan adam yake zuwa, ba ruwansa da data. Ya buɗe Google Maps, ya danne kan shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda yake, lambobi biyu za su fito, ya karanto ko ya turo ta tes. A nan yankinmu na Kano da Jigawa ta farko galibi da 11 ko 12 take farawa, ta biyu 8, 9 ko 10. A maimaita masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, wallahi kuskuren ɗaya tak a lambar farko ta bayan ɗigo kusan kilomita 11 ne, sai ka tura mutane wani gari daban.

In kuwa ƴar ƙarama ce mai madannai sai tambaya. Ta ina rana ta faɗi maka? Kana jin kiran salla ko ƙarar mota? Kana hango jar fitilar eriyar sabis? A rubuta amsar, a ba mafarauta da Fulanin da suka san dajin, su za su gane wurin.

A kira 112, kyauta ne ko babu kati. A sanar da dagaci da ƴan sanda da ƴan banga, in ruwa ne ko rijiya a nemi ƴan kwana-kwana. A yi cigiya a lasifikar masallaci da rediyo, a faɗi kayan jikinsa da lamba ɗaya ta kira.

Sai masu shiga daji. Wurare irin cikin dajin Falgore sabis ɗaukewa yake gaba ɗaya, nan ne oba-oba ke da rana. A raba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da oba-oba ɗaya, duka a tasha ɗaya, a gwada su tun a gari kafin a tashi. Ka danne maɓallin magana, ka ɗan jira daƙiƙa ɗaya, ka faɗi sunanka da inda kake, ka saki, in ba ka saki ba babu wanda za ka ji. Kar nisan da aka rubuta a kwali ya ruɗe ku, cikin itatuwa da kwari da ƙyar take wuce kilomita ɗaya ko biyu. Eriya ta miƙe sama, a ɗora mutum ɗaya kan tudu ko dutse ko saman mota yana karɓar magana yana miƙawa gari. Kuma fa a tabbata jami'an tsaro sun san kun shiga da ita, yadda ƙasar nan take yanzu a ga mutane da oba-oba da fitilu cikin dare a daji ba abin wasa ba ne.

Duk rabin awa kowane rukuni ya yi magana ko da bai ga komai ba. A riƙa kashe babura ana yin tsit bayan an kwala kira ko an busa usur, mutumin da ya galabaita muryarsa ba ta da ƙarfi. Busa uku a jere alamar neman taimako ce.

Lokacin ambaliyar kogin Haɗeja, wajen Auyo ko Guri, a ƙulle waya cikin leda biyu, kuma kar wanda ya shiga kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, da dare sai da masunta da kwale-kwale. In an samu wanda ya ɓata a fara sanar da mai littafin nan, shi kuma ya kira rukunai ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga sunaye har kowa ya fito, sannan a janye cigiyar.