Yadda za ka gwada ƙaramar kyamara a yawon hoto cikin Balad ta Jidda

To ɗan uwa, in kun shirya fita yawon hoto Balad, wato tsohon garin Jidda, da abokai kuma ka samu aron ƙaramar kyamara irin Ricoh GR III ko Fujifilm X100V don ka gwada, ka saita ta tun kana ɗaki. Kar ka bari sai kun kutsa cikin kasuwar Suk Alawi mutane na bangaje ka, mai baro na ta "ɗarik ɗarik" (wato a ba shi hanya) a bayanka, kai kuma kana lalube a cikin menu.

Sa shata, wato saurin ɗaukar hoto, a 1/250 na daƙiƙa, ƙofar haske f/5.6 ko f/8, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, ka bar shi oto ya hau har 3200 saboda lungunan Balad ƙunci gare su, taku biyu ka fita daga rana ka faɗa inuwa. In Ricoh ce akwai Snap Focus, wato ka tsayar mata da nisan da hoto zai fito tar tun kafin ka danna, ka kafa shi a mita 2, kana dannawa ta ɗauka ba jira. Gilashinta 28mm ne kuma ba ya zuƙowa, don haka ƙafarka za ta yi aikin, ka matsa kusa. Batirinta kuma wajen hoto 200 ne kawai, ka taho da na biyu ko fawa banki.

Wani abu da mutane ke mantawa, kana fitowa daga mota mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, ɗanshin Jidda zai lulluɓe gilashin da raɓa. Kar ka goge da gefen tobinka wallahi za ka karce shi, ka bar ta a jaka wasu mintoci ta saba da iskar waje.

Ku fita bayan la'asar, lokacin ne rana ke kwantawa a jikin rawashin, tagogin katakon nan da suka sa UNESCO ta sa Balad cikin kayan tarihin duniya a 2014. Ku ajiye wurin haɗuwa, gaban gidan tarihin nan Bait Nasif misali, sannan ku watse bibbiyu. Mutum takwas a kan mai shago ɗaya kowa da kyamara, ai ko ni ne sai na ɗaure fuska, kuma duk hoto iri ɗaya za ku kwaso. Ni na fi son in samu kwana mai haske mai kyau in tsaya, in jira mai keke ko yaro da burodin tamis ya shigo ciki da kansa.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Ƙanƙantar kyamarar nan tana sa mutum ya ji kamar ba a ganinsa, sai ya fara ɗaukar mutane a ɓoye. Don Allah kar ka yi. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, kan shiga sirrin mutum da kyamara, mu kuma baƙi ne masu igama. Mata a'a, jami'an tsaro da gine-ginen hukuma a'a. Dattijo mai sayar da turare kuwa ka yi masa sallama, ka ce "mumkin sura ya ammi?", wato "baffa, in ɗauke ka hoto?", in ya yarda ka ɗauka ka juya masa ya gani, in ya girgiza kai ka yi godiya ka wuce.

Da an kira magariba ka rataye kyamarar ka shiga Masallacin Shafi'i, hotunan sai ka koma gida ka duba su a kwamfuta, ɗan allon bayan kyamara ba ya nuna wanda ya yi dishi-dishi.