Babi na 9: Shekarun Sama da Shekarun Rana

Ku ɗauko littafin rubutu da fensir kafin mu fara. Yau za mu karanta abin da masana kimiyya suke faɗi a kan farkon sararin samaniya da kuma farkon ranar nan da ke haska mu. Wanda sunan darasin ya ba shi tsoro, ya kwantar da hankalinsa. Lambobi biyu kawai za mu riƙe. Mutumin da ya iya lissafin kuɗin taki da na buhun masara, wannan ba zai gagare shi ba.

Magana ɗaya tun da wuri, don a kowane aji sai an ɗaga hannu an tambaya. Masanan nan ba batun wanda ya yi halitta suke yi ba. Abin da suke aunawa da na'urori da lissafi shi ne yaushe abin ya faru, kuma ta yaya. Tambayar aƙida, ku kai wa malamanku na addini.

Darasi na 1: Miliyan daban, biliyan daban

A nan ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Ku rubuta 1. Ku sa sifili uku a gabansa: 1,000. Dubu ke nan. 'Yar alamar nan mai wutsiya da ke bayan 1, sunanta waƙafi. Ba ƙazantar fensir ba ce, kada ku goge ta. Ku ƙara sifili uku: 1,000,000. Miliyan ke nan, sifili shida, waƙafi biyu. Ku sake ƙara uku: 1,000,000,000. Biliyan ke nan, sifili tara, waƙafi uku.

Yanzu ku ɗora bakin fensir a kan sifilin ƙarshe, na hannun dama, ku ƙirgo zuwa hagu: ɗaya, biyu, uku, waƙafi. Ɗaya, biyu, uku, waƙafi. Daga dama ake farawa. Ku da kuka yi makarantar allo, hannunku ya riga ya saba da dama, a nan ku ne a gaba. Ku sake ƙirgawa. Waƙafi biyu, miliyan. Waƙafi uku, biliyan. Ku faɗa da ƙarfi, ba kunya, dukanmu koyo muke yi.

Wani zai ce ai harafi ɗaya ne ya raba su, M da B. To, ga girman wannan harafin. Daƙiƙa miliyan ɗaya a agogo kwana 11 ne da rabi. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta haura shekara 31. Sai an tara miliyan har dubu kafin a sami biliyan ɗaya.

Saura ɗigo. A jarida za ku ga an rubuta "biliyan 13.8". Ana karanta shi: biliyan goma sha uku da ɗigo takwas. Ma'anarsa biliyan 13 cikakku, da ƙarin miliyan 800. Idan za a rubuta shi duka, ga shi: 13,800,000,000. Ku ƙirga sifilin. Takwas ne, ba tara ba, domin 8 ya zauna a gurbin guda ɗaya. Amma waƙafi har yanzu uku ne. Shi ya sa nake cewa ku dogara da waƙafi. Ɗigo a tsaye yake ba wutsiya, waƙafi yana da wutsiya. Ku rubuta wannan lambar sau biyar. Idan ta farko ta karkace, ba komai, ta biyar za ta miƙe.

Darasi na 2: Babbar Fashewa

Lambar da kuka rubuta yanzu, ita ce shekarun sararin samaniya a lissafin masana: kimanin shekara biliyan 13.8. Biliyan, ba miliyan ba. Sun ce a farko komai a dunƙule yake, da zafin da ya wuce misali, sai ya fara buɗewa, yana faɗaɗa yana hucewa. Wannan ra'ayi shi ake kira Babbar Fashewa. Kada ku zaci bom ne ya tashi a wani wuri. Sararin ne da kansa yake miƙewa, kuma har yau bai daina ba.

Ku sami balan-balan irin na yara, ku yi masa ɗige-ɗige da biro, sannan ku hura. Ku lura: kowane ɗigo yana nisanta da ɗan'uwansa, alhali babu wanda ya tashi daga inda kuka zana shi. Kowane ɗigo a matsayin gungun taurari yake, wato babban tari mai taurari biliyoyi. Farin layin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, idan kana ƙauye nesa da fitilu, gungun da muke ciki ne kake hangowa.

Wanda ya kawo wannan lissafi a 1927 limamin coci ne ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître. Sunan yana da wuyar faɗa, kada ya dame ku. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Hubble, da ke aiki da babban madubin hangen nesa a kan wani dutse a Kalifoniya, ya nuna cewa gungun taurari suna nisanta da mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi sauri. Idan yau suna rabuwa, to a da sun fi kusa da juna. Tushen maganar ke nan.

Hujjar da ta fi burge ni ta fito a 1965. Wasu masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suna jin wani shuu a babbar eriyarsu, ko ina suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka share, shuu bai tafi ba. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya fita lokacin da sararin samaniya yake da shekara 380,000. Ku tsaya. Waƙafi nawa kuka gani? Ɗaya. To dubu ne, dubu ɗari uku da tamanin. Wanda ya ce miliyan, ya koma Darasi na 1. An ba Penzias da Wilson kyautar Nobel a 1978.

Darasi na 3: Rana da iyalinta

Lamba ta biyu: biliyan 4.6. A rubuce, 4,600,000,000. Waƙafi uku. Shekarun rana ke nan.

Masana sun ce da wani ƙaton gajimare ne na iskar gas da ƙura. Nauyinsa ya jawo shi ciki, ya fara juyawa, ya baje. Tsakiyar ta matse ta yi zafi har ta kama haske, ta zama rana. Ragowar ƙurar ta yi ta mannewa har ta zama duniyoyi. Bajamushe Immanuel Kant ya kawo wannan ra'ayi a 1755, Bafaranshe Laplace ya kawo irinsa a 1796. Shekarun kuwa daga duwatsun da ke faɗowa daga sama aka auna su. Rana ita kaɗai ta kwashe fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin iyalin duka.

Yanzu ku saurare ni. Na sha karɓar littattafai in ga an rubuta rana tana da shekara biliyan 13.8, wasu ma miliyan 4.6. Haba jama'a! Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce da rashin bita a gida. Mutum ya zo aji ba fensir, ya zauna a baya yana hira, sannan ya ce boko da wuya. Sama ce babba, 13.8. Rana ƙarama, 4.6. Dukansu biliyan. Ku ɗebe ƙaramar daga babbar, za ku sami 9.2. Wato sai da aka yi shekara sama da biliyan tara kafin a sami rana.

Darasi na 4: Duniyoyi takwas

Daga kusa da rana zuwa nesa: Uɗaridu, Zahra, Duniyarmu, Mirrihu, Mushtari, Zuhal, Yuranas, Neftun. Huɗun farko na dutse ne, huɗun baya manya ne ƙwarai. Zahra ita ce Zara matar wata, kuma ba tauraruwa ba ce, hasken rana take maidowa. Tsofaffin littattafai sun ce tara, amma a 2006 an cire Fuluto daga jerin. Ku kwafe sunayen.

Darasi na 5: Wata

Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne wani ƙaton abu ya bugi duniya tun tana sabuwa, ɓaraguzan suka haɗu suka zama wata.

Aikin gida: ku rubuta shekarun sama da shekarun rana da cikakkun lambobi, ku ja layi a ƙarƙashin kowane waƙafi. A zo da fensir.